Gashin Cutar Daji da Furoton

Gashin cutar daji da furoton wata hanya ce ta jinyar sankara inda ake harba ƙananan ƙwayoyin zarra masu suna furoton cikin jikin majinyaci domin su ƙone ƙwayoyin cutar. Reshe ne na jinyar gashi, wadda a mafi yawan asibitocin duniya ake yin ta da hasken eksire mai ƙarfi, wato foton. Abin da ya bambanta furoton shi ne yana tsayawa a zurfin da aka ƙayyade masa a cikin jiki, ba ya zarcewa, don haka gaɓoɓin da ke bayan tsiron dajin ba sa shan gashi sosai.

Babu jayayya tsakanin masana a kan wannan siffa ta furoton. Jayayyar tana kan ko rage gashin da lafiyayyun gaɓoɓi ke sha yana zama wani amfani da majinyaci zai ji a jikinsa, kamar raguwar illoli ko ƙarin tsawon rai, da kuma ko amfanin ya kai yawan kuɗin da ake kashewa. An shafe shekaru fiye da sittin ana jinya da furoton kafin manyan gwaje-gwajen da ke kwatanta shi kai-tsaye da foton su fara fitar da sakamako. Sakamakon da ya fito a 2024 da 2025 ya sauya yadda likitoci, gwamnatoci da kamfanonin inshora ke kallon wannan fasaha.

Yadda yake aiki

Duk wani nau'in gashi yana kashe ƙwayar daji ne ta hanyar lalata sinadarin gadon da ke cikinta, har ta kasa rabuwa da hayayyafa. Matsalar ita ce lafiyayyun ƙwayoyin da ke kan hanya su ma suna cutuwa. Hasken foton yana sauke mafi yawan ƙarfinsa kusa da fata, yana raguwa a hankali, ya ratsa tsiron, ya fita ta ɗaya ɓangaren jiki. Likitoci suna rage wannan illa ta hanyar harbo hasken daga kusurwoyi da yawa, su haɗu a kan tsiron. Mafi ci gaban wannan dabara shi ne gashin foton mai daidaita ƙarfi, wanda aka fi sani da IMRT.

Furoton kuwa yana da nauyi kuma yana ɗauke da cajin lantarki. Yana shiga jiki da gudu, yana rage sauri, sai ya zubar da mafi yawan ƙarfinsa a 'yan milimitocin ƙarshe kafin ya tsaya cak. Ana kiran wannan wuri ƙololuwar Bragg, da sunan William Henry Bragg, masanin kimiyyar da ya gano lamarin a farkon ƙarni na 20 a Jami'ar Adelaide ta Ostareliya. Zurfin da furoton zai kai ya dogara da ƙarfin da aka ba shi. Na'urorin asibiti suna ba shi ƙarfi daga kimanin MeV 70 zuwa 250. Ƙaramin ƙarfi ya isa jinyar ido, babban kuma yana kutsawa fiye da santimita 30 cikin jiki.

Domin a kai furoton ga wannan gudu, wanda ya haura rabin gudun haske, ana buƙatar injin da ake kira saikulotoron ko sinkurotoron. Daga injin sai manyan maganaɗisai su ja ragamar furoton zuwa ɗakin jinya, inda wani ƙaton keji na ƙarfe mai juyawa, wanda tsayinsa kan kai hawa uku na gini kuma nauyinsa kan wuce tan 100, yake kewaya majinyaci. Ana kuma gina bango mai kaurin mitoci na kankare saboda kariya. Nan ne tushen tsadar.

Tarihi

Robert Wilson, masanin kimiyyar lissafin halitta ɗan Amurka, shi ne ya fara ba da shawarar amfani da furoton wajen jinya a wata maƙala da ya wallafa a 1946. An yi wa majinyata na farko gashin a 1954 a ɗakin binciken Berkeley da ke Kalifoniya, sai Uppsala ta Suwidin a 1957. Daga 1961 zuwa 2002 injin Jami'ar Harvard, tare da Babban Asibitin Massachusetts, ya yi wa mutane fiye da 9,000 jinya. A duk waɗannan wurare ana aron injinan binciken kimiyya ne, waɗanda ba don asibiti aka ƙera su ba.

A 1989 cibiyar Clatterbridge ta Ingila ta fara jinyar dajin ido da furoton mai ƙaramin ƙarfi, sannan a 1990 asibitin Jami'ar Loma Linda a Kalifoniya ya buɗe cibiya ta farko mai cikakken ƙarfi da aka gina a cikin asibiti. A 1996 Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan ta fara amfani da siririn harbi mai kama da bakin fensir, wanda ke bin tsiron ɗigo bayan ɗigo. Wannan dabara ce ta maye gurbin tsohuwar hanyar baza furoton a yawancin sababbin cibiyoyi. A nahiyar Afirka, cibiyar binciken da yanzu ake kira iThemba LABS kusa da Cape Town ta fara jinya da furoton a 1993.

A yau akwai cibiyoyi fiye da 100 a duniya, mafi yawansu a Amurka, Japan da Turai, kuma mutanen da aka yi wa wannan jinya sun haura 300,000.

Tsada da saurin yaɗuwa

Cibiya mai ɗakunan jinya uku zuwa biyar takan ci dala miliyan 100 zuwa 200 ko fiye. Ƙananan na'urori masu ɗaki guda da suka shigo kasuwa daga baya sun sauko da kuɗin zuwa dala miliyan 25 zuwa 40, amma ko wannan ya ninka kuɗin injin foton na zamani sau da yawa, domin shi dala miliyan kaɗan ake sayensa.

A Amurka an gina cibiyoyi da dama da bashi da kuɗin masu zuba jari. Cibiyar da ke da bashi tana buƙatar majinyata masu yawa da jinyarsu ba ta ɗaukar lokaci. Yara masu dajin ƙwaƙwalwa, waɗanda su ne suka fi dacewa da furoton, ba su da yawa, kuma ƙananansu sai an sa su barci a kowace rana ta jinya. Saboda haka hankali ya karkata ga dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, cutar da ta yawaita a tsakanin dattawa kuma ake gama gashinta na yini cikin mintoci kaɗan.

Wani nazari da aka wallafa a 2013 kan shirin inshorar tsofaffi na gwamnatin Amurka, Medicare, ya nuna cewa matsakaicin abin da shirin ya biya domin gashin furostet da furoton dala 32,428 ne, alhali na IMRT dala 18,575 ne, kuma bayan shekara guda ba a ga bambanci a illoli ba. A shekarar ce kamfanin inshora na Blue Shield da ke Kalifoniya ya sanar da daina biyan kuɗin furoton ga masu dajin furostet na matakin farko. Wasu cibiyoyi sun shiga matsala. Ta Jami'ar Indiana da ke Bloomington ta rufe a 2014, kuma kamfanin da ya mallaki cibiyar San Diego, wadda ta ci kusan dala miliyan 220, ya shigar da takardar karayar tattalin arziki a kotu a 2017.

Muhawara kan buƙatar gwaji

Hanya mafi inganci ta sanin ko wata jinya ta fi wata ita ce gwajin ƙuri'a. A irin wannan gwaji ana tara majinyata masu cuta iri ɗaya da suka amince, sai kwamfuta ta raba su gida biyu ba tare da zaɓin likita ko majinyaci ba, a ba kowane gida jinya daban, a bi su na shekaru. Tunda ƙuri'a ce ta raba su, bambancin da aka gani a ƙarshe daga jinyar ya fito.

An daɗe ba a yi irin wannan gwaji ga furoton ba. A 2008 wasu fitattun masana biyu, Michael Goitein da James Cox, sun rubuta cewa tunda gashi ba ya amfanar lafiyayyar gaɓa ko kaɗan, kuma furoton yana rage shi, ba lallai ne a jira gwajin ƙuri'a ba, har ma akwai tambaya ta ɗabi'a a kan tura majinyaci ga jinyar da aka san za ta ƙara gasa lafiyayyun gaɓoɓinsa. Masu adawa da wannan ra'ayi sun amsa cewa taswirar gashi a allon kwamfuta hasashe ce kawai. Ana iya rage gashin da wata gaɓa ke sha ba tare da majinyaci ya ji wani sauyi ba, idan tun farko adadin bai kai matakin cutarwa ba. Sun kuma tunatar da cewa tarihin likitanci cike yake da jinyoyin da hankali ya karɓa amma gwaji ya ƙaryata.

Nazarce-nazarcen da suka dogara da bayanan asibiti ba su raba gardama ba. Ɗaya da aka wallafa a 2012 ya ga masu furostet da aka yi wa furoton sun fi masu IMRT samun matsalar hanji. Wani na Jami'ar Pennsylvania da Jami'ar Washington ta St. Louis da ya fito a 2020, mai ɗauke da mutane 1,483 da aka haɗa wa gashi da allurar kemo, ya ga munanan illolin da ke kai ga kwanciya asibiti cikin kwana 90 sun sami kashi 11.5 cikin 100 na masu furoton da kashi 27.6 na masu foton. Raunin irin waɗannan nazarce-nazarce shi ne mutanen da ke iya kaiwa ga furoton sukan bambanta da sauran ta fuskar dukiya, inshora da nisan gida daga asibiti.

Inda ra'ayi ya zo ɗaya

Akwai cututtukan da kusan dukkan hukumomin lafiya suka amince a yi musu furoton ba tare da gwajin ƙuri'a ba. Na farko su ne dajin yara, musamman na ƙwaƙwalwa da laka. Jikin yaro yana girma, kuma yaron da ya warke yana da shekaru sittin ko fiye a gabansa, lokacin da illolin gashi za su iya bayyana: raunin koyo, kurumta, tsumburewa, ciwon zuciya da sabon daji da gashin kansa ya haddasa. A cutar medulobilastoma ana gasa dukkan ƙwaƙwalwa da laka. Idan foton ne, hasken da ya ratsa ƙashin baya yana fita ta zuciya, huhu da hanji. Furoton yana tsayawa a ƙashin bayan. Wani bincike na Asibitin Massachusetts kan majinyata 59 da aka wallafa a 2016 ya nuna warkewa daidai da wadda aka saba samu da foton, ba tare da illolin zuciya, huhu ko hanji na daga baya ba. Wani na 2020 da ya kwatanta yara a Texas da Toronto ya ga ma'aunin basirar waɗanda aka yi wa furoton bai sauka ba, na masu foton kuwa yana raguwa shekara bayan shekara.

Sauran sun haɗa da dajin cikin ido, inda furoton ke ba da damar a bar wa mutum idonsa maimakon a cire, da tsiron da ke fitowa a gindin ƙoƙon kai dab da jijiyoyin gani da tushen ƙwaƙwalwa, waɗanda ke buƙatar gashi mai yawa a wuri mai ƙunci. Japan ta sa jinyar yara da furoton cikin inshorar lafiya ta ƙasa a 2016.

Sakamakon gwaje-gwajen ƙuri'a

A dajin huhu, gwajin da asibitin MD Anderson na Houston ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2018 da majinyata 149, bai ga furoton ya rage kumburin huhun da gashi ke jawowa ba, bai kuma ga ya fi hana cutar dawowa ba, ko da yake zuciya ta sha gashi kaɗan. An yi gwajin da tsohuwar hanyar baza furoton.

A dajin bututun abinci da ke gangarawa daga maƙogwaro zuwa ciki, gwajin da aka wallafa a 2020 da majinyata 107 ya ga jimillar nauyin illoli ta ninka sau 2.3 a masu IMRT, musamman matsalolin bayan tiyata, amma tsawon rai bai bambanta ba. Ana ci gaba da manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Turai, domin tabbatar da wannan.

A dajin furostet, gwajin PARTIQoL ya raba maza 450 a cibiyoyi 29. Sakamakon da aka gabatar a 2024 ya nuna babu bambanci a lafiyar hanji, fitsari ko ƙarfin namiji, kuma bayan shekara biyar kusan kashi 93 cikin 100 a kowane gida cutar ba ta ci gaba ba. Wannan sakamako yana da nauyi, domin furostet ne ya ɗauki kaso mai yawa na aikin cibiyoyin Amurka tsawon shekaru.

A dajin nono, gwajin RadComp ya ɗauki majinyata 1,239. Rahoton farko a 2025 ya nuna ingancin rayuwa iri ɗaya a gidajen biyu. Babbar tambayar gwajin, wato ko furoton yana rage ciwon zuciya, tana buƙatar a bi majinyatan na kusan shekara goma.

A hanta, wani gwaji na Cibiyar Daji ta Koriya ta Kudu da mutane 144 ya nuna furoton bai gaza hanyar ƙona tsiro da allura mai zafi ba a ƙananan tsirori da suka dawo. A dajin da ya bazu zuwa rufin ƙwaƙwalwa da laka, gwajin asibitin Memorial Sloan Kettering na New York da majinyata 63 ya ga cutar ta dakata na matsakaicin wata 7.5 a masu furoton da wata 2.3 a masu foton. Sai dai a wannan gwaji an gasa dukkan ƙwaƙwalwa da laka da furoton, foton kuma an taƙaita shi ga wuraren da ke damun majinyaci, saboda haka faɗin wurin da aka gasa shi ma ya bambanta.

Gwaje-gwaje biyu masu saɓani a dajin maƙogwaro

Misali mafi bayyana wahalar tantancewa shi ne dajin bayan baki da gindin harshe. Gashin wannan wuri yana busar da yawu, ya kashe ɗanɗano, ya hana haɗiya, har wasu sai an sa musu bututun abinci ta ciki. Da yawa daga cikin masu cutar a Turai da Amurka yanzu ƙwayar HPV ce sanadinta, kuma suna warkewa su rayu shekaru da illolin.

Gwajin Amurka ƙarƙashin jagorancin Steven Frank na MD Anderson ya ɗauki mutane 440 a cibiyoyi 21. Rahoton 2024 ya nuna furoton bai gaza IMRT wajen shawo kan cutar ba, kuma waɗanda suka dogara da bututun abinci kashi 28 cikin 100 ne a masu furoton da kashi 42 a masu IMRT. Cikakken rahoton da ya fito a 2025 ya ƙara da cewa bayan shekara biyar kusan kashi 91 na masu furoton suna raye, na masu IMRT kusan kashi 81.

Gwajin Birtaniya mai suna TORPEdO, wanda David Thomson na asibitin Christie ya jagoranta da mutane 205, ya gabatar da nasa sakamakon a 2025. Bayan shekara guda, dogaro da bututun abinci ya yi ƙaranci ƙwarai a gidajen biyu, kuma abin da majinyata suka faɗa da kansu game da haɗiya, ɗanɗano da yawu bai bambanta ba.

Ana iya fahimtar saɓanin ta fuskoki da dama. Gwaje-gwajen ba abu ɗaya suka auna ba, kuma ba a lokaci ɗaya ba: na Amurka ya ba da nauyi ga shawo kan cutar da wahalar lokacin jinya, na Birtaniya ga halin majinyaci bayan shekara. A Birtaniya an sa ido sosai a kan tsara gashin IMRT domin kare gaɓoɓin haɗiya, kuma idan abokin gwaji ya inganta, tazarar tana raguwa. A Amurka wasu da ƙuri'a ta ba furoton sun koma IMRT saboda inshorarsu ta ƙi biya, wasu kuma sun tsallaka ta ɗaya ɓangaren, abin da ke dagula lissafi. Ƙarin tsawon rai kuma ba shi ne ainihin tambayar da aka tsara gwajin Amurka ya amsa ba, don haka masana da yawa suna jiran wani gwajin ya tabbatar da shi. Gwajin DAHANCA 35 na Denmark yana cikin waɗanda ake sa ran za su taimaka.

Tsarin Holan

Holan ta bi wata hanya ta daban, wadda Johannes Langendijk na Groningen da abokan aikinsa suka bayyana a 2013. Ga kowane majinyaci da ake ganin zai iya amfana, ana tsara taswirar gashi biyu, ta foton da ta furoton. Sai a shigar da adadin gashin da kowace gaɓa za ta sha cikin wani lissafi da aka gina daga bayanan majinyatan baya, wanda ke hasashen yiwuwar illa. A dajin kai da wuya, idan furoton zai rage yiwuwar matsakaiciyar illa da kashi 10 cikin 100 ko mummunar illa da kashi 5, majinyaci ya cancanta kuma inshora ta biya. Cibiyoyin Groningen da Delft sun fara aiki a 2018, ta Maastricht a 2019.

Amfanin wannan tsari shi ne ya yarda cewa mutane biyu masu cuta ɗaya ba lallai su amfana daidai ba, domin wurin da tsiro yake da siffar jiki sun bambanta. Gwajin da ya tattara kowa da kowa zai iya ɓoye amfanin da 'yan kaɗan suka samu. Rauninsa shi ne an gina lissafin daga majinyatan foton, kuma sai an ci gaba da duba ko hasashensa yana cika a masu furoton. Denmark, wadda ta buɗe cibiyarta a Aarhus a 2019, ta haɗa hanyoyin biyu: tana zaɓen majinyata da lissafi, sannan ta raba waɗanda aka zaɓa ta ƙuri'a. Gwajin PARABLE na Birtaniya kan dajin nono shi ma yana ɗaukar waɗanda taswira ta nuna zuciyarsu na cikin haɗari ne kawai.

Misalin Birtaniya

Daga 2008 Hukumar Lafiya ta Ƙasa, NHS, ta riƙa tura majinyata, yawancinsu yara, zuwa Amurka, Suwizalan da Jamus a kan kuɗinta. Batun ya shiga bakin jama'a a 2014, lokacin da iyayen wani yaro ɗan shekara biyar mai dajin ƙwaƙwalwa suka fitar da shi daga asibiti a Southampton ba da yardar likitoci ba domin neman furoton. An kama su a Sifaniya, aka sake su bayan 'yan kwanaki, daga baya aka yi wa yaron jinyar a Prague. Lamarin ya ƙara wa furoton suna a idon jama'a fiye da abin da hujjojin lokacin suka tabbatar.

Tun kafin wannan gwamnati ta ware fam miliyan 250 domin cibiyoyi biyu. Ta asibitin Christie a Manchester ta fara aiki a Disamban 2018, ta asibitin University College a Landan a Disamban 2021, kowace da ikon ɗaukar kusan mutane 750 a shekara. Kwamitin ƙwararru na ƙasa ne ke tantance wanda za a tura, bisa jerin cututtukan da aka amince da su, sauran kuma suna shiga ta hanyar gwaji ko shirin tattara bayanai. Saboda hukuma ɗaya ce ke biyan kuɗin jinya da masauki, gwajin TORPEdO bai fuskanci matsalar ƙin biyan inshora ba. A gefe guda, kamfani mai zaman kansa na Rutherford Health, wanda ya gina cibiyoyi a Wales da Ingila, ya rushe a 2022 saboda ƙarancin majinyata.

Matsalolin kimiyya da suka rage

Tsayawar furoton a wuri ɗaya ita ce ƙarfinsa, kuma daga ita ne haɗarinsa ke fitowa. Ana lissafa zurfin ne daga hoton sikanin jiki, kuma akwai kuskuren da kan kai kusan kashi 3 cikin 100 na zurfin. Idan majinyaci ya rame, ko tsiro ya ragu, ko iska ta shiga hanji, ko numfashi ya motsa huhu, furoton zai iya tsayawa kafin tsiron ko ya wuce cikin lafiyayyar gaɓa. Shi ya sa ake yawan sake ɗaukar hoto da sake tsara taswira a tsakiyar jinya.

Matsala ta biyu ita ce ƙarfin lalatawa. A asibitoci ana ɗauka cewa furoton ya fi foton lalata ƙwayoyi da kashi 10 cikin 100 a ko'ina. Binciken ɗakin gwaji ya nuna ƙarfin yana ƙaruwa a ƙarshen tafiyar furoton, wurin da sau da yawa yake dab da gaɓar da ake son karewa. Ana nazarin ko wannan yana da hannu a raunin tushen ƙwaƙwalwa da aka gani a wasu yara.

Ta uku ita ce saurin sauyin fasaha. Gwaji yakan ɗauki shekara goma daga tsarawa zuwa sakamako, kuma a cikin wannan lokaci furoton da foton duka sun sauya. Masu goyon bayan furoton sukan ce gwajin huhu na 2018 ya auna tsohuwar fasaha ne, masu shakka kuma su ce IMRT ɗin da aka kwatanta da shi shi ma ya tsufa. Sababbin dabaru na ci gaba da fitowa, kamar gashin FLASH da ake sauke dukkan adadin cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wanda aka fara gwadawa a kan mutane 10 a Cincinnati a 2020 da 2021.

Samun dama a duniya

Kusan rabin masu cutar daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Rahoton kwamitin mujallar Lancet Oncology na 2015 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na al'ummar ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba sa samun gashi na kowane iri. Nijar ta buɗe cibiyar gashinta ta farko a Yamai a 2021, kuma a 2022 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin Rays of Hope a Addis Ababa domin taimaka wa ƙasashen da ba su da ko injin foton guda. A irin wannan yanayi, kuɗin cibiyar furoton ɗaya zai sayi injinan foton da dama da za su yi wa dubban mutane jinya. Indiya ta buɗe cibiyarta ta farko a Chennai a 2019 a asibiti mai zaman kansa na Apollo, kuma majinyata daga Asiya da Afirka masu hali suna zuwa can.

Halin da ake ciki

Hujjojin da aka tara zuwa 2025 sun raba amfanin furoton gida uku. Akwai cututtukan da aka amince da shi a kansu bisa dalilai masu ƙarfi na kimiyya da dogon bibiya: dajin yara, na ido da na gindin ƙoƙon kai. Akwai inda babban gwaji ya nuna bai fi foton na zamani ba, kamar dajin furostet na matakin farko da na tsakiya. Akwai kuma inda hujja ta rabu ko ba ta kammala ba: maƙogwaro, bututun abinci, huhu, nono da hanta.

Tambayar da masu bincike suka fi mayar da hankali a kanta yanzu ita ce wane majinyaci ne zai amfana, a wace gaɓa, kuma da wane ma'auni za a gane shi kafin a fara jinya. Amfanin da aka fi tsammani daga furoton, wato raguwar ciwon zuciya da sabon daji, yana ɗaukar shekara goma zuwa ashirin kafin ya bayyana, don haka rajistar majinyata ta dogon lokaci da sakamakon ƙarshe na gwaje-gwaje irin su RadComp ne za su nuna girmansa.